Goyon Ƙirji

Duk wanda ya taɓa zama a Tamale a watan Maris ya san rana ba ta raga wa kowa. Amma a waccan shekarar Hajiya Bashiratu ba ruwanta da rana. Tun da sassafe take ɗora babbar tukunya a tsakar gidanta na Kaladan, ta tura itace, ruwa ya yi ta tafasa da ganyen darbejiya, ita kuma tana tsaye a kai da ƙwarya a hannu.

"Ke, fito. Ruwa ya tafasa."

'Yarta Zuleha ta fito a hankali, hannu ɗaya dafe da mararta inda aka yi mata aiki.

"Mma, likita fa ya ce kada ruwan zafi ya taɓa ɗinkin."

"Likitan ya taɓa haihuwa? Zan tsallake wurin. Baya da ƙafafu kawai zan gasa miki. Mai jego ba ta wasa da sanyi, ko da ana narkewa."

Zuleha ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno, ta rufe ido. Ba zafin ruwan ne yake damunta ba. Abin da ke cin ranta shi ne tana wankan jego, tana shan kunun kanwa, amma babu jaririya a ɗaki. Gadon yana nan da gidan sauronsa, riguna a ninke, kowace ta yi wa mai ita yawa. 'Yarta Maltiti bakwaini ce. Tana can babban asibiti cikin kwalba, ita kuwa uwar an sallamo ta, likita ya ce ta huta a gida har ciwon ya kame. Hajiya ta kama wannan magana hannu bibbiyu, ta ƙara da tata: babu fita sai an yi arba'in.

Ana gama wankan sai ƙarar moto, wato babur, ta tsaya a ƙofar gida. Babura sun fi kaji yawa a garin nan, amma Zuleha ta san na mijinta ko cikin barci, domin sai ya yi tari kafin ya mutu. Ta matsa jikin taga ta ɗaga labule kaɗan. Masahudu ne, ya cire takalmi, ya tsuguna har ƙasa yadda Dagomba suke gaida manya.

"Dasiba, Mma Hajiya."

Hajiya ta kau da kai. Ta miƙa masa ɗan flas mai ƙanƙara, wanda ke ɗauke da nonon da Zuleha ta tatsa.

"Ga abincin jikata. A kai shi lafiya, in moton ya yarda."

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya saci kallon taga sau ɗaya, ya tafi. Ya rame. Zuleha ta saki labulen ta share ido da gefen zane.

Laifin Masahudu a wurin Hajiya guda ɗaya ne, amma ya cika mata ciki. Zuleha malamar firamare ce a Dungu, gidan aurenta kuma yana Jisonayili, don haka a kan moto take zuwa aiki kamar sauran matan gari. Ranar da abin ya faru ta tashi da ciwon kai, ƙafafunta a kumbure, ta daure ta tafi, ta faɗi a cikin aji. Likita ya yi bayani dalla-dalla cewa hawan jini ne irin na masu ciki. Hajiya tana wurin, ta ji komai, amma kalma ɗaya ta ɗauko ta dawo da ita gida: moto. A gidansu, in ji ta, tun daga kakanta da ya zo daga Kano kan fataucin goro, ba a taɓa barin mace da cikin fari ta yi ta tsalle a kan ƙarfe ba.

Sai kuma suna ya zo ya ƙara wa wuta fetur. Ranar bakwai Masahudu ya sa aka yi raɗin suna a masallaci da dabino da goro, ya ce rago da wanzami da makaɗa su jira har yarinya ta fito. Hajiya ta ce wannan ba suna ba ne, sadakar Juma'a ce.

Idan azahar ta wuce gida ya yi tsit, Zuleha takan kwanta tana kallon silin, tana tuna kwanakin baya. Wata rana ce marigayi babanta, Alhaji Tijani, ya aike ta Aboabo a gyara masa wuyan fugunsa, rigar saƙin nan ta Dagomba. Ta tarar da wani dogon saurayi a shagon ɗinki, allura a baki, yara masu koyo suna ce masa Masta. Aikin da bai wuce na yini guda ba, sai ya zama kullum "ki dawo gobe". Da ta gaji ta yi masa tsiya, ya sosa ƙeya ya ce, "Madam, in na gama yau, me zai kawo ka gobe?" Ta yi dariya har ta manta da fushin, ta ce masa ita ba "ka" ba ce. Har yau yakan mai da mace namiji a Hausarsa, ita ma ta daina so ya gyara.

Shi ya koya mata moto a filin makaranta, ran Lahadi da yamma. Yana gudu a bayanta riƙe da sirdi, yana ta cewa "burki, burki", ita kuwa ta nufi garken zabi kai tsaye. Daga nan su zauna a gindin mangwaro su ci soyayyen wagashi, wato cuku, da yaji, ya riƙa ba ta labarin ɗakunan da zai gina a Jisonayili, inda a lokacin babu komai sai ciyawa da tubali. Hajiya tun a lokacin ba ta so ba, ta fi son ɗan dangi. Alhaji ne ya tsaya ya ce yaro musulmi ne, yana da sana'a, yana gaida mutane, me kuma ake nema? Yanzu Alhaji ya kwanta dama, babu mai tsayawa. Zuleha ta yi kewar babanta a kwanakin nan fiye da ranar da aka binne shi.

Wata la'asar Hajiya ta dawo daga gidan maƙwabta gyale a hannu, alamar labarin da ta ɗauko ya fi ƙarfin kafaɗa.

"Kin san abin da mijinki yake yi a asibiti?"

Zuleha ta sani, amma ta sunkuyar da kai.

"Ashe kin sani. Ƙato da gemu, ya tuɓe riga, ya ɗaura zane, ya zauna cikin mata yana goyo a ƙirji. Duk Kaladan an ji. 'Yar fari fa, wadda ko kallonta bai kamata ya yi a gaban mutane ba. Ina kunya ta tafi?"

"Mma, nas ce ta ce a yi. Ɗumin jiki ne yake sa bakwaini ta yi ƙwari. Ni ya kamata in yi, tunda ba ni da hali—"

"Tunda na hana ki, ko? Faɗi mana."

"Ban ce ba, Mma."

"To ki saurara. Na aika wa kawunki Abdul-Gafar. Ranar da aka sallami yarinyar nan, nan gidan za a kawo ta, kuma daga nan ba inda za ki. Mutumin da ya kusa kashe mini ke, ya mai da sunan jikata abin wasa, yanzu kuma ya mai da mu abin dariya, ya ba ki takardarki kawai. Kawunki zai je ya karɓo."

Zuleha ta zame daga bakin gado ta durƙusa, ciwon yana jan ta.

"Mma, ni na roƙe shi ya saya mini moton. Da cikin ya girma ya ce in riƙa shiga yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, ni na ƙi, na ce ɓata lokaci ne."

"Mace ta ƙi, namiji ya bari? Ai kin ƙara masa laifi."

Hajiya ta fita. Zuleha ta kifa kai a katifa ta yi kuka mai isarta. Tana son uwarta, ta kuma san duk wannan faɗan tsoro ne ya haife shi, domin Hajiya ta ga lokacin da aka tura ta ɗakin aiki ba ta san inda kanta yake ba. Amma tana son mijinta, kuma ba ta ga yadda za ta rayu a ce ya zama baƙon da ke tsugunawa a ƙofar gida ba.

Da Hajiya ta shiga salla, ta ɗauki waya ta kira shi. Ya amsa da murya ƙasa-ƙasa.

"Madam, yi magana a hankali, yana barci a kaina."

Ta faɗa masa komai.

"Kar ki yi faɗa da Mma," in ji shi. "Uwa ne. Ya tsorata paa, sosai. In kawu ya zo, takarda dai ba zan rubuta ba, amma ba zan ɗaga murya ba. Zan tsuguna har ƙafa ya mutu."

"Masta, mutane suna yi maka dariya."

"Na sani. Yaran shago ma yanzu Mma Maltiti suke kira na, in sun ga na juya baya. Ba ya damu na koraa, ko kaɗan. Kin san yau nas ta ɗora shi a sikeli, ya ƙara? Kaɗan ne, amma ya ƙara. Kuma ya kama gashin ƙirjina ya ja, sai da na yi ƙwalla."

Zuleha ta yi dariya cikin kuka. Daga ranar ta ƙudura ba za ta ƙara musu da uwarta ba. Tana wanka, tana shan kunu, tana tatsa, tana addu'a. In Hajiya ta soma zancen takarda, sai ta ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri, Mma." Wannan amsa ta fi ba Hajiya haushi fiye da gardama, domin babu inda za ta kama.

Ana haka sai Sista Azeta, nas ɗin ɗakin jarirai, ta kira waya. Ta ce an cire wa Maltiti robar hanci, lokaci ya yi da za ta koyi kama nono, kuma wannan aikin babu uban da zai iya. In uwa ba ta zo ba, babu sallama. Hajiya ta yi ta juya maganar, ta ga babu mafita. Tun da aka haifi jikar ba ta taɓa leƙa ɗakin ba, kullum sai ta ce warin asibiti yana juya mata kai. Ranar dai ta ce za ta raka, don ta ja wa ma'aikatan kunne cewa ita za a damƙa wa yarinya ranar fita.

Ta sa Zuleha ta saka safa, ta naɗa mata mayafi mai kauri har wuya, ta toshe mata kunne da auduga, a ranar da kwalta take narkewa. Mai yelo-yelo ya kalle su ta madubi ya kasa daurewa.

"Hajiya, Madam ɗin London za shi?"

"Kai dai tuƙa."

A ƙofar ɗakin aka sa suka wanke hannu, suka cire takalma. Ɗaki ne mai tsawo, babu fanka, mata jere a kan kujeru masu jingina, kowace da ɗan kai yana leƙowa daga ƙirjinta. Can ƙarshen layi, kusa da bango, namiji ne guda ɗaya. Kafaɗunsa a waje, zane ɗaure daga hammata zuwa ciki, wata 'yar hular ulu da ba ta fi lemo girma ba a ƙarƙashin gemunsa. Ƙurajen zafi sun feso masa daga wuya har kafaɗa, gumi yana bin gefen fuskarsa, bai share ba don kada ya motsa.

Ya ga surukarsa, ya yunƙura, sai ya tuna ya koma.

"Mma, ki yi haƙuri, ba zan iya tsugunawa ba. In na motsa zai tashi."

Hajiya ta tsaya cak. Idonta yana kan wani ɗan hannu da ya fito daga zanen, yatsu kamar tsinken ashana, sun damƙe fatar mutumin.

Sista Azeta ta zo tana murmushi.

"Hajiya, wannan surukin naki ne? Ki riƙe shi da kyau. Tun safe yake zama har magariba, sai salla take tayar da shi. Ruwa ma kaɗan yake sha don kada fitsari ya dame shi. Farko-farko yarinyar takan manta ta yi numfashi. Shi yake fara ji a jikinsa, ya murza mata tafin ƙafa, kafin mu iso ta dawo."

Aka kwance zanen, aka ɗora wa Zuleha 'yarta. Ba ta taɓa ɗaukar abu mara nauyi haka ba, kuma ba ta taɓa jin tsoro irin wannan ba. Yarinyar ta ji baƙon jiki, ta soma wani ɗan kuka siriri, tana kawar da kai. Hankalin Zuleha ya tashi.

"Masta, ba ta san ni ba."

"Zai sani. Tsaya."

Ya durƙusa a gefenta, ya ɗora tafinsa a bayan jaririyar, tafin ya rufe ta gaba ɗaya. Ya soma yi mata wata waƙar Dagbani can cikin maƙogwaro. Kukan ya lafa. Ɗan bakin ya lalubo, ya saki, ya sake lalubowa, ya kama. Zuleha ta ji tsotson har cikin ranta, hawaye suka zubo mata, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

Sai da ta ɗago ta ga Hajiya ta zauna a kujerar da Masahudu ya tashi, gyalenta ya zame ba ta gyara ba.

"Kafin ke akwai wani," in ji Hajiya, ba ta kallon kowa. "Wahid. Ba ki san shi ba, ban taɓa faɗa miki ba. Shi ma bakwaini ne, kamar wannan. A gidan kakanninki na haife shi, cikin damina, babanki yana Kumasi kan goro. Aka naɗe shi da auduga, aka ajiye shi a gado, aka kawo garwashi kusa. Ɗan fari ne. Ina jin kukansa, raina yana cewa in ɗauke shi in sa a jikina, amma surukata tana zaune, ƙannen miji suna shiga suna fita. Kunya ta hana ni. Sai an ce in ba shi nono nake taɓa shi, in gama in ajiye in kau da kai, wai ni mai tarbiyya." Muryarta ta karye. "Da safe na taɓa shi na ji ya yi sanyi. Ashe ƙirji ne maganin. Yana jikina, ban ba shi ba."

Zuleha ta miƙa hannu ɗaya ta kama na uwarta. Masahudu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne, Mma."

Hajiya ta share fuska da gyale, ta ja hanci, ta dawo Hajiyarta. Manya ba sa cewa a yafe musu, suna da hanyarsu. Ta dubi ƙirjin surukinta ta ɓata rai.

"Kai kuma haka za ka bar ƙurajen nan? Ba ka san hoda ba? Gobe zan kawo maka."

Ta kawo kuwa, har da tuwon zafi da miyar ayoyo a kwano. Daga ranar kullum tare suke zuwa da Zuleha, uwa ta yi goyon safe, uba ya karɓa da rana. Amma Hajiya ba ta janye maganarta ba, ba ta kuma sake tayar da ita ba. Zuleha ta kasa tambaya, tana tsoron amsar. Kawu ma ba a aika masa cewa ya fasa ba.

Ranar sallama, Sista Azeta ta ja musu kunne: a ci gaba da goyon ƙirji a gida, kada a yi wa yarinya wankan ruwan zafi, kada 'yan barka su yi ta karɓarta hannu-hannu. Suka fito bakin ƙofar asibiti, Maltiti ɗaure a ƙirjin uwarta cikin mayafi. Masahudu ya tsayar da yelo-yelo, ya saka musu kaya, ya koma gefe ya tsaya riƙe da motonsa, kamar wanda ke jiran hukunci. Hanyar Kaladan daban, ta Jisonayili daban. Zuleha tana jin bugun zuciyarta da na 'yarta a haɗe.

"Hajiya, ina muka nufa?" in ji direban.

Hajiya ta gyara zama, ta dubi titi.

"Jisonayili."

Zuleha ta juyo da sauri. "Mma?"

"Yarinya ta saba da ƙirjin ubanta, ba ni zan raba su ba. Ni zan bi ku in ƙarasa miki wankan a can. A ba ni ko tabarma ce."

"Mma, a gidan suruki za ki kwana? Me mutane za su ce?"

"Su ce. Kunya ta ci mini ɗa guda, ba za ta ƙara ba." Ta leƙa waje ta ɗaga murya kaɗan. "Masahudu, ka tsaya kallon me? Shiga gaba ka nuna masa hanya. Kuma a hankali."

Masahudu ya share ido da hannun riga, ya hau, ya shiga gaba yana tafiya kamar mai rakiyar amarya, masu moto suna ta yi masa ham suna wuce shi.

Shekaru sun wuce yanzu. Maltiti tana aji a makarantar da uwarta ke koyarwa, kuma babu wanda ya kai ta surutu. Amma har yau in Zuleha ta tuna kwanakin nan, wani abu yakan taso mata mai kama da kewa, duk da wuyar da aka sha, domin a cikinsu ta san waye mijinta, a cikinsu kuma ta san uwarta. Da ta ɗaga wa Hajiya murya, ko da Masahudu ya rama wulaƙanci da wulaƙanci, da gidan nan ya watse tun yarinya tana kwalba. Haƙuri ne ya riƙe su har gaskiya ta nuna kanta. Kunya ado ce, babu mai musu, amma duk kunyar da za ta hana ka rungumar naka a ranar da yake neman ɗuminka, ajiye ta ya fi alheri.